Shawarar jarirai a idon masu maganin gargajiyar Sin: abin ɗauka da abin bari

A yawancin gidajen Katsina da Daura, kwanakin da shawarar jariri ke kai maƙura su ne kwanakin da ba a cika kallonsa a haske ba. An sallamo mai jego daga asibiti ran da ta haihu, ko kuma a gida aka haihu. Daga kwana uku zuwa biyar gida ya cika da 'yan barka, ana ta hidimar wankan jego da kunun kanwa da shirin suna. Jariri yana naɗe cikin zani da hula da safa, labule a sake, hasken ɗakin ƙwan lantarki ne ko fitilar caji. A irin wannan haske, rawaya ba ta fitowa a baƙar fata. Sai ran suna, da aka fito da shi tsakar gida za a yi aski, wata gwaggo ta ce, "Kai, ku dubi idon yaron nan."

A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wani abu. Ana tallar shayi da ƙwayoyi da ruwan magani na ƙasar Sin a WhatsApp da shagunan magani, ana cewa suna wanke hanta, iyaye kuma suna tambaya ko za a ɗiga wa jariri mai shawara. Kafin a amsa, ya kamata a ji abin da Sinawan da kansu suka ce game da ciwon, domin sun daɗe suna nazarinsa, kuma a cikin bayaninsu akwai abin da zai amfani uwa a Kofar Marusa ko Sabon Garin Daura fiye da abin da ke cikin kwalbar.

Sunan ciwon a wurinsu tai huang, wato rawayar ɗan tayi. A shekarar 610, wani likitan fadar daular Sui mai suna Chao Yuanfang ya rubuta cewa idan akwai zafi a kayan cikin uwa, zafin yakan turara ɗan da ke cikinta, sai a haife shi jikinsa duk rawaya. Kalmar da ya yi amfani da ita ta turarawa ce, irin yadda tururi ke ratsa dambu a madambaci. Waɗanda suka biyo bayansa suka faɗaɗa: laima da zafi daga uwa suna taruwa a jikin jariri, saifarsa ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa su ba, sai su toshe hanyar hanta da matsarmama, ruwan matsarmama ya rasa mafita ya malala zuwa fata. A lura, idan suka ce saifa ba wannan tsokar da mahauci ke cirewa suke nufi ba, suna nufin ƙarfin jiki na narkar da abinci da rarraba ruwa. Laima kuma ita ce duk wani ruwa ko abinci da jiki ya kasa juyawa ya zauna ya yi nauyi.

Ilimin asibiti bai tabbatar da batun zafin cikin uwa ba, kuma bai kamata a ɗora wa mai jego laifin cin yaji ko tsire ba. Abin da aka sani shi ne jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, waɗanda ke mutuwa cikin kwana 70 zuwa 90, alhali na babba suna kai kwana 120. Idan suka farfashe sai su saki wani sinadari rawaya mai suna bilirubin. Hanta ce ke sarrafa shi ta zuba shi cikin hanji ya fita da kashi, ita kuwa hantar sabon haihuwa ba ta gama kama aiki ba. Shi ya sa kusan 6 cikin kowane jarirai 10 da suka cika wata tara, da 8 cikin bakwaini 10, suke yin rawaya a makon farko. Amma duk da bambancin bayani, wuraren da Sinawa suka nuna da yatsa, wato hanta da matsarmama da hanji da kashi, nan ɗin ne aikin yake.

Inda suka fi burge ni shi ne yadda suka raba rawayar gida uku ta hanyar kallo kawai.

Ta farko suna kiranta ta laima da zafi, ko rawayar yang. Launinta mai sheƙi ne, kamar ɓawon lemon zaƙi da ya nuna sarai. Jaririn yana kuka da ƙarfi, leɓensa a bushe, harshensa ja da datti rawaya a kai, kashi na yi masa wuya. Ta biyu ta laima da sanyi ce, rawayar yin. Launin a dushe yake kamar zanin da hayaƙi ya daɗe yana duka, ciwon yana jan lokaci ba ya tafiya, jariri ba kuzari, hannu da ƙafa da sanyi, ciki a kumbure, kashi ruwa-ruwa kuma fari ko toka-toka, harshe ya koɗe da farin datti. Ta uku ita ce ta daskarewar jini: launin yana ƙara duhu kullum har ya doshi kore, ana jin ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a fatar ciki, wani lokaci da tabon jini a jiki. Da yake bugun jinin jariri yana da wuyar karantawa, sukan murza gefen ɗan yatsansa manuni su dubi wata siririyar jijiya da ke wurin, launinta da iyakar gaɓar da ta kai.

Wannan rabo bai zo daidai wa daida da na asibiti ba, amma ya yi kusa ƙwarai a wuri mai muhimmanci. Rawaya mai sheƙi galibi ta bilirubin ce wanda bai riga ya bi ta hanta ba. Shi ne ke iya ratsawa ya shiga ƙwaƙwalwa idan ya yi yawa, kuma cikin kwanaki kaɗan yake ɓarnarsa. Rawaya mai duhu da farin kashi da fitsari mai rina zani kuwa tana nuna ruwan matsarmama ba ya isa hanji. Wannan ba ta cika taɓa ƙwaƙwalwa ba, hanta take ci a hankali. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne a haifi jariri da toshewar hanyar matsarmama, abin da ba wani ganye ko fitilar maganin shawara ta asibiti da ke buɗewa sai tiyata, irin wadda likitan Japan Morio Kasai ya ɓullo da ita. Tiyatar ta fi yin nasara idan an yi ta kafin jariri ya cika kwana 60. Wato uwar da ta jira sai an yi arba'in, ta ƙara da gwada saiwoyi na mako uku, ta cinye lokacin duka. Saboda haka ne a Taiwan da Japan ake ba iyaye kati mai hotunan launin kashi su riƙa gwadawa da na ɗansu. Mu da ba mu da katin, ma'aunin mai sauƙi ne: kashin jariri mai shan nono ya zama rawaya kamar kwaiduwar ƙwai, ko kore. In ya koma launin farar ƙasa, ko toka, ko kindirmo, a ɗauki ƙunzugun yadda yake a tafi da shi wurin likita.

Littattafansu na kula da yara sun kuma ware wasu alamu biyu da suka ce ciwon ya juya. Ɗaya suna ce mata motsin iska: rawaya ta tsananta da sauri, jariri ya yi ta barci ba ya tashi shan nono, kukansa ya zama siriri mai tsini, idanu su kafe, wuya da baya su banƙare. Ɗayar kuma sulalewa ce, jiki ya yi sanyi, numfashi ya yi sama-sama, ga kumburi. Iska a bakinsu suna ce ta duk ciwon da ke sa jijjiga da sanƙarewa, ba iskar da mu muke nufi ba. Amma abin lura ne cewa a nan ma, da zarar jariri ya banƙare, hankalin mutane kan tafi ga iska ko kambun baka, a shiga neman hayaƙi da rubutu. Wannan banƙarewa alamar bilirubin ya shiga ƙwaƙwalwa ce. A yi addu'a a cikin mota, a kan hanyar asibiti. Yaron da ya tsira bayan ya kai wannan mataki yakan tashi da kurumta, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko gaɓoɓinsa su riƙa murɗewa ba da sonsa ba, kuma ba a dawo da abin da ya lalace.

To, maganin fa?

Uwar magungunansu na shawara wani haɗi ne da ake kira Yinchenhao Tang, wanda Zhang Zhongjing ya rubuta a ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 200. Abu uku ne a ciki. Akwai yinchen, ganye ne ɗan dangin tazargade amma ba shi ba ne. Akwai zhizi, 'ya'yan wata bishiya 'yar dangin gauɗe. Sai dahuang, saiwa mai sa zawo, wadda ke ɗauke da irin sinadarin da ke cikin filasko. A tsohon rubutun, ana fara tafasa yinchen shi kaɗai har ruwa ya ragu da rabi, sannan a zuba sauran biyun, a ci gaba da dafawa, a tace, a raba uku. Ga manya aka rubuta shi, masu zazzaɓi da rawaya, daga baya likitocin yara suka rage shi suka ba masu rawayar yang. Ga rawayar sanyi sai su cire mai sa zawon, su haɗa yinchen da busasshiyar citta da wasu saiwoyi masu ɗumama ciki. Ga ta daskarewar jini akwai wani haɗin na Wang Qingren na shekarar 1830. Ko a tsarinsu, ba wa mai rawayar sanyi maganin mai rawayar zafi kuskure ne babba, domin zai ƙara karya cikin da dama ba shi da ƙarfi. Wanda ke sayar da kwalba ɗaya ga kowace shawara ya saɓa wa masu maganin tun kafin ya saɓa wa asibiti.

A zamanin nan kamfanonin Sin sun mayar da haɗin ruwan sha da gari da allura mai suna Yinzhihuang: yinchen da zhizi da saiwar huangqin da furen jinyinhua. Kuma ba a ce ba ya komai ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya nuna, a jikin ɓeraye, cewa wani sinadari da ke cikin yinchen yana zaburar da hanta ta hanzarta fitar da bilirubin. Sannan duk abin da ya sa jariri yawan kashi yana rage bilirubin ɗin da hanji ke sake tsotsewa ya mayar cikin jini. Matsalar tana wurin farashin da jariri ke biya. Yaro mai kilo uku ba shi da ruwan da zai yi asara. Zawo na yini ɗaya ya isa ya sa maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ɗauke, shan nono ya ragu, kuma bushewar jiki kanta tana ƙara shawara. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Sin ta hana yi wa sababbin haihuwa da ƙananan yara allurar Yinzhihuang. A 2017 ta sa aka rubuta a takardar na sha cewa yana jawo zawo da amai da ƙuraje, kuma a yi hattara da shi ga masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD. A asibitocin Sin na yau, jaririn da bilirubin ɗinsa ya hau ƙarƙashin fitila ake sa shi, kamar ko'ina.

Batun G6PD shi ya fi shafar mu. Wani sinadari ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ke kare su daga fashewa. Ƙarancinsa gado ne, ya fi bayyana a 'ya'ya maza, kuma a Najeriya fiye da ɗaya cikin yara maza goma suna da shi. Jaririn da ke da wannan ƙaranci lafiyarsa lau a ido, sai ya haɗu da wani abu da zai farfasa jininsa, bilirubin ya yi tsalle cikin dare ɗaya. A kudancin Sin ma abin ya yi yawa, kuma suna da al'ada irin tamu ta dauri: akan ɗura wa sabon haihuwa ruwan wata saiwa mai ɗaci, huanglian, don a wanke masa "dafin ciki". Sinadarin da ke cikinta yana ture bilirubin daga furotin ɗin da ke riƙe da shi a jini, ya bar shi sake. Singafo ta haramta shi a 1978, kuma ko da ta sassauta a 2013, ta bar gargaɗin kada a ba jarirai da masu ciki da masu shayarwa da masu ƙarancin G6PD. Hong Kong ta sa furen jinyinhua, wanda ke cikin Yinzhihuang, a jerin abubuwan da masu wannan ƙaranci za su guje wa. A Hong Kong ɗin tun 1984 suke gwada jinin cibiyar jarirai don gano masu wannan ƙaranci. A nan mafi yawan iyaye ba su taɓa jin sunan gwajin ba. Wanda ya ɗiga wa jaririn Katsina wannan magani yana harbi ne cikin duhu.

Kuma ba sai an je Sin ba, abubuwan da ke farfasa jinin irin wannan yaro suna cikin ɗakunanmu. Farin ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri tun ciki na wata bakwai yana kama zannuwa da riguna, ya shiga ta fata da numfashi. Wanki ɗaya ba lallai ya fitar da shi ba. In har kayan suna ƙamshinsa, kada a sa wa yaro. Akwai lalle, wanda aka tabbatar yana fasa jinin jarirai masu ƙarancin G6PD idan aka shafa musu. Akwai man zafi da hoda mai mentol da ake sa wa cibiya. Sai dauri da jiƙon saiwar rawaya da tazargade, waɗanda ba wanda ya san adadin abin da ke cikin cokali ɗaya. Ruwan gulukos da ɗigon ampiclox da masu kemis ke bayarwa ba sa sauke bilirubin ko kaɗan; gulukos ma cika cikin yaro yake ya hana shi jan nono.

Abin da haɗin Sinawa ke nema ya yi da ƙarfi, wato tura kashi waje, dakashi yana yinsa cikin lalama. Baƙin kashin farko cike yake da bilirubin, kuma dakashi ne ke koro shi. Matse dakashi a zubar, a jira sai nono ya yi fari, yana barin wannan kashi ya kwana a hanji jiki ya sake shanye abin da ke cikinsa. A sa jariri a nono cikin awar farko, a ci gaba sau 8 zuwa 12 a yini da dare, in barci ya yi masa nauyi a kwance zanin a tashe shi. Daga kwana na huɗu ko na biyar a ga fitsari aƙalla sau shida a yini, kashi kuma ya juye daga baƙi zuwa rawaya.

Duba jaririn kuwa haka ake yi, safe da yamma, kullum har ran suna. A kai shi bakin ƙofa ko taga inda hasken rana ke shigowa, ba ƙarƙashin ƙwai ba, kuma ba kusa da labule ko bango mai launin rawaya ba. A dubi farin ido da dasashi. A danna kan hanci ko goshi da yatsa na daƙiƙa biyu, a ɗaga: wurin da jini ya kauce zai nuna fari ko rawaya. A sauko ƙirji, ciki, cinya, ƙwauri, a ƙare a tafin hannu da tafin ƙafa. Shawara daga kai take farawa ta gangaro, saboda haka iyakar inda ta kai yana nuna yawanta. Ta lafiya takan fito a kwana na biyu ko na uku, ta kai maƙura tsakanin na uku da na biyar, ta washe kafin mako biyu, yaro kuma yana shan nononsa da ƙarfi. Wadda ta fito cikin awa 24 na farko, ko ta gangaro ƙasa da cibiya, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ta zo da zazzaɓi ko ƙin nono, ko ta kama bakwaini, ta asibiti ce a ranar. Haka wadda ta wuce kwana 14, ko kwana 21 ga bakwaini.

Ido yana gano akwai shawara, amma ba ya auna ta, balle a baƙar fata. Awo na jini ne. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamako da ƙananan lambobi, wasu da manya. A raba babbar da 17 a sami ƙaramar, wato 340 daidai take da 20. Ana fara ganin rawaya da ido daga wajen 5 a ƙaramar lambar. Lambar da za a kunna fitila a kanta ta dogara da awannin da jariri ya yi a duniya da watannin cikinsa, shi ya sa likita zai tambayi ƙarfe nawa aka haihu, ba rana kaɗai ba. Lambar da ba komai ba ce a kwana na biyar tana iya zama haɗari a kwana na ɗaya. A Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Turai Yar'adua na mata da yara suna karɓar jarirai. Daga Daura ko ƙauyukan kewaye a fara da babban asibiti mafi kusa, a tambaya kai tsaye ko suna awon bilirubin kuma suna da fitila, in babu a nemi takardar turawa nan take.

Fitilar shuɗin haske ce, wanda ke juya bilirubin a cikin fata ya zama nau'in da ke fita ta kashi da fitsari ba sai ya jira hanta ba. An gano hakan a Ingila a shekarun 1950. Don ta yi aiki, jariri zai kwanta tsirara sai ƙunzugu, idanu a rufe, ba a shafa masa mai ko man kaɗanya ba. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne tausayi: kaka ta ga yaro ba riga ta ja zani ta lulluɓe shi, ko uwa ta ɗauke shi ta riƙe awa biyu. A cire shi don nono, kamar rabin awa, a mayar. Ana sake awo bayan awa 4 zuwa 6 da farawa, sannan bayan an kashe fitilar a sake wani tsakanin awa 12 zuwa 18, saboda lambar takan ɗan sake hawa. Idan ta ƙi sauka, ko alamun ƙwaƙwalwa sun fara, sai canjin jini ta jijiyar cibiya, kimanin mililita 160 ga kowane kilo. Dangi su shirya ba da jini tun kafin a nema.

Shanya jariri a rana ba ya maye gurbin fitila. An yi gwaji a Legas, aka buga sakamakonsa a 2015, inda hasken rana ya yi aiki, amma ta ƙarƙashin wata rumfar leda ta musamman mai tace haskoki masu ƙuna, ma'aikata kuma suna auna zafin jikin yaran a kai a kai. Ranar bazarar Katsina da ke haura digiri 40 tana busar da jariri cikin ɗan lokaci, ta hunturu kuma sanyi ke kama shi da zarar an tuɓe shi.

Kafin a bar asibiti a nemi sanin abu uku: rukunin jinin uwa da na jariri, sakamakon G6PD, da kuma inda za a gwada jin yaron idan lambarsa ta hau sosai. Uwa mai jinin O da ta haifi mai A ko B, ɗanta na gaba ma a sa masa ido tun ranar farko. Wadda jininta negetif ne ta haifi mai fozitif tana buƙatar allurar anti-D cikin awa 72 da haihuwa, domin kare cikin da zai biyo baya. Yaron da aka samu da ƙarancin G6PD a rubuta a katinsa na rigakafi, a faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani, musamman na zazzaɓin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta, a kuma gwada ƙannensa maza da za a haifa.